Rediyon Inna Sahadatou

Zango, Kwatano

Zuwa ga taubashina Mushe Sirajuddeen, malamin makaranta a Agadas.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zafin garinku, ina gaida Labiba da yara. Mu nan damina ta sauka, ruwa ya kwanta a lungunmu har sai an jera bulo ake fita. Ni lafiyata ƙalau. Surukata Inna Sahadatou ce ba lafiya, kuma ita ce dalilin wannan takarda.

Kar ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Wayata a hannun kowa take a gidan nan, ɗakina da na Inna kuma katako ne tsakani, ko tari na yi sai ta ce mini sannu. Dramane direba zai kai ta Malanbil, ya ba masu haye kogi, daga Gaya a sa ta motar Agadas. Kai ma ta hannunsu za ka amsa, don Allah kar ka kira.

Ka tuna zuwanka nan, da ka zauna a tsakar gidanmu kana damun tsofaffi da tambaya, wai kana rubutu a kan abin da rediyo take nufi a cikin littattafai? Na yi maka dariya har da riƙe ciki, na ce jikan Goggo ya rasa aikin yi. To ka yafe mini dariyar. Yau ni na zo maka da maganar rediyo.

Ka san mai gidana ya yi arewa, shekara ta biyar ke nan. Ranar tafiyarsa ya gyara tsohuwar rediyon babansa, ya sa mata sabon pil, ya ɗora wa Inna a cinya. Ya ce, "Kar ki kashe ta, Inna. In waya ta gagara, a nan za ki ji ni." Akwai shirin Hausa da ake yi kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, wani Arzika ke karanta gaisuwar matafiya, duk gidan da ɗansu ya tafi nan suke kasa kunne. Shekarar farko mun sha jin gaisuwarsa, daga garinku, daga baya daga Libiya. Sai aka yi shiru.

Inna ta jure shirun nan fiye da ni. Amma watan jiya wani Ousseini ɗan unguwar Placodji ya dawo, ya tsaya a rumfata yana cin abinci yana ba da labari. Ya ce da idonsa ya ga mai gidan ya shiga jirgin roba a bakin teku, kuma har ya baro can ba wanda ya ji labarin jirgin. Inna tana bayana tana tsince mini wake. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye farantin ta shiga gida, tun ranar ba ta sa abinci a baki ba sai ruwa da ɗan shayi.

Ni da ke ciyar da rabin tasha da wake da shinkafa, na kasa sa tsohuwa ɗaya ta haɗiye loma. Na kai ta likita, sun ce jikinta ba ciwo. Zobenta ya zame ya faɗi a wurin alwala ba ta ma sani ba. Tana zaune da rediyo a ƙirji, ana Faransanci ana Fon, ba ta jin ko ɗaya, amma in ka taɓa maɓallin sai ta riƙe maka hannu.

Ga abin da nake roƙo. Ka tura wa Arzika saƙo da lambar Nijar, don ya san lambobin nan duka. Ka rubuta haka: "Daga Nourou, yana gaida mahaifiyarsa Inna Sahadatou ta Zango, ya ce yana raye, ta ci abinci." Ka ga hannuna ya rubuta sunan da bakina bai taɓa faɗa ba, sai ka san inda na kai. Na san ƙarya ce, kuma na ɗauki zunubin a wuyana. Matar nan ita ta riƙe ni tun da uwata ta rasu, ba zan zauna ina kallonta tana ƙarewa ba.

Tawa maganar tana hannun Liman, ya ce sai bayan babbar salla, wannan kuma ba ta shafe ka ba. Lambar Arzika tana bayan takardar.

Taubashiyarka,
Lubabatu

*

Agadas

Ƙanwata Luba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso duk ta yi laushi, da alama ta sha ruwan Kwara. Muna lafiya, sai Labiba da ciwon haƙori ya sa gaba. Tana gaishe ki, ban kuma nuna mata abin da kika rubuta ba. Allah ya ba Inna lafiya. Ban manta da dambun da ta yi mini ba, ta tsaya a kaina har na cinye.

Na karanta sau uku, na ajiye, na je lakol na koyar da yara abin da ni kaina ban san me na ce ba. Ba zan iya ba, Luba. Ki bar ni in gaya miki dalili, ko da za ki sake yi mini dariya.

Shekara da shekaru ina bin rediyo a cikin labaran da marubutanmu suka rubuta. Abin da na lura shi ne, ba a cika sa ta a labari don kiɗa ba. In marubuci ya ajiye rediyo a kusurwar ɗaki, to wani ne ba ya nan: uban da ya tafi ci-rani, ko ɗan da aka ɗauka soja, ko gwamnatin da ba a taɓa ganin fuskarta ba. Ita ke magana a madadinsu. Kuma ban taɓa ganin inda mutanen labari suka yi mata gardama ba. In maƙwabci ya kawo maka labari, kana duban idonsa, kana tuna ƙaryar da ya yi maka bara. Rediyo ba ta da idon da za ka duba, kuma abin da ta faɗa maka ta faɗa wa gari duka. Shi ya sa tsofaffinmu in sun ce "an faɗa a rediyo" magana ta ƙare.

Wannan ne yake ba ni tsoro. Ke kina ganin loma ɗaya za ki sa a bakin Inna. Ni ina ganin Juma'ar da za ta biyo baya. Ta ji shi yau, mako mai zuwa fa? Za ta koma ta rungume akwatin nan tana jira, sai mu sake, sai mu sake. Yaushe za mu daina? Kuma ranar da muka daina, ba mun kashe mata shi karo na biyu ba?

Ga abin da zan iya. Akwai masu taimakon matafiya a garin nan da ke riƙe da sunayen waɗanda suka ɓace, zan kai sunan Nourou da hotonsa in kin aiko. Na san 'yan tasha da yawa, zan yi cigiya. Ki sa matan unguwa su riƙa zama da Inna lokacin cin abinci, ko Liman ya zo ya yi mata nasiha. Taki maganar da ke wurinsa, ina zaton ta rumfarki ce da kike rigima a kanta, Allah ya ba ki nasara.

Ki yi haƙuri da ni. Ba rashin tausayi ba ne.

Yayanki,
Sirajuddeen

*

Zango

Mushe,

Ina gaisuwa. Ba ni da lafiyar da zan ba ka labari, ba kuma na tambayar taka, mai ƙarfin rubuta shafi biyu lafiyarsa ƙalau.

Takardarka ta daɗe a bakin kogi, ruwa ya cika masu kwale-kwale sun ƙi hayewa. Duk kwanakin nan ina zaton ka tura, Juma'a biyu na rufe rumfa na zauna gefen Inna ina jira. Arzika ya gaida mutanen Avotrou, ya gaida na Calavi, ya gaida wani da ke Gabon da kajinsa, bai ambace mu ba. Sai ga Dramane da darasinka.

Kana tambayata Juma'a mai zuwa fa. Yaya Sirajo, ban san ko Inna tana da Juma'a mai zuwa ba. Yanzu a zaune take salla. Jiya na ɗaga ta in canza mata zane, wallahi buhun gawayin da nake ɗauka ya fi ta nauyi. Matan unguwa sun zo sun zauna sun cinye abincin sun tafi. Liman ya zo ya yi nasiha, ta ce masa ta gode, ta juya ta fuskanci rediyo. Hoton da kake so ga shi, ka kai wa masu sunaye, amma su ba za su ba ta koko ba.

Kai kana can kana ƙirga rediyon cikin littafi. Waɗancan mutanen in sun mutu rufe littafin kake yi ka je ka ci tuwon Labiba. Wannan in ta mutu ni zan wanke ta.

Ba ni da wani a Nijar sai kai. Da ina da shi da ban zubar da mutuncina sau biyu ba. Goggonka da kakana ciki ɗaya suka fito, da wannan nake roƙonka, ba da wasan taubasai ba. In ka ƙi, kar ka wahalar da kanka da amsa, za ka ji sanarwar a inda kake son jin abubuwa.

Lubabatu

*

Agadas

Luba,

Ina gaida ku, ina yi wa Inna addu'a. Na tura.

Na sayi sabon layi don kar a gane ni. Na rubuta yadda kika ce, ban canza kalma ba, sai abu ɗaya da na ƙara. Da na karanta saƙon sai na ga ya yi tsirara. Ke ma kin san yadda gaisuwar matafiya take, mutum yakan jero uwa da mata da abokai har da mai shayin bakin layi. Wane magidanci ne zai yi shekaru bai yi magana ba, ya gaida uwarsa ya tsallake matarsa? Duk Zango sai ta ce ko dai saƙon ƙarya ne, ko kuma ya sake ki a zuci, a yi ta nuna ki da baki. Ban so miki wannan ba. Sai na ƙara cewa yana gaida iyalinsa Lubabatu, ta ƙara haƙuri ta jira shi, yana nan tafe.

Na kai hoton inda na ce. Sun karɓa, sun rubuta, ba su ba ni wani fata ba.

Ki sanar da ni ko ta ci. Maganarki ta wankan gawa ba ta bar ni na runtsa ba.

Sirajuddeen

*

Zango

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina fata haƙorin Labiba ya lafa. Ka tambaya ko ta ci, to bari in fara da wannan, don hakkinka ne. Ta ci.

Arzika ya karanta saƙon har sau biyu, muryarsa tana rawa, don shi da mai gidan tare suka yi ƙwallo suna yara. Inna ta ɗaga rediyon ta manna a goshi, ta ce, "Baƙona. Baƙona ya yi magana." Ka san ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. Sai ta dube ni ta ce, "Ke, ba abinci a gidan nan ne?" Na dama koko, ta shanye, ta nemi ƙosai. Yanzu tana fita alwala da ƙafarta, shekaranjiya har faɗa ta yi mini wai na cika gishiri. Na gode, Allah ya saka maka. Wannan na faɗa da zuciya ɗaya.

Saura kuma ban san da wace zuciyar zan faɗa ba. Maganar da ke hannun Liman ba ta rumfa ba ce. Kunya ta hana ni buɗe maka, kai namiji kuma babba. Shekarun da shari'a ta ce matar wanda ya ɓace ta jira, na cika su. Liman ya ce bayan babbar salla zai tara dattawa a yanke cewa mai gidan ba ya duniya, in yi takaba, in samu kaina. Akwai wani Rachidi mai jan mota daga tashar jirgin ruwa, matarsa ta rasu, ya yi magana da kawuna. Ba zan ce maka ina mutuwar sonsa ba. Mutumin kirki ne, ya kuma yarda Inna ta bi ni gidansa. Shekaruna suna tafiya, Yaya, ban taɓa goyo ba.

Ba wai ban yi tunanin wannan ba da na roƙe ka. Na ce gaisuwa ce ga uwa, gajeriya, zan lallaɓa in gaya wa Liman a ɓoye, ya san yadda zai yi. Sai ga ƙarin da ka yi mini don kare mutuncina. Kafin la'asar gidanmu ya cika, mata suna guɗa suna rungumata, wai mijina ya ce in jira shi. A tasha direbobi suna yi mini barka suna ƙara cin abinci. Rachidi ya aiko ƙanwarsa ta ce yana taya ni murna, kuma ya janye, shi ba ya neman matar mutum. Na tsaya ina murmushi ina amsa amin.

Na je wurin Liman na faɗa masa komai. Bai zage ni ba. Ya ce ya yarda da ni, amma ba shi kaɗai zai yanke ba, dattawan nan kowa da kunnensa ya ji, ga kuma magana a bakin mace mai jiran a sake ta. Ya ce abin da aka faɗa wa gari ba a warware shi a zaure. Sai wanda ya tura saƙon ya sake turawa daga wannan lambar, ya ce ƙarya ya yi, Arzika ya karanta kowa ya ji.

Kowa, Yaya Sirajo. Ka san wadda ba ta kashe rediyo.

In an karanta, na samu kaina, Inna ta koma kwance, kuma wannan karon ba abin da zai tashe ta. In ba a karanta ba, ni matar aure ce har sai yadda Allah ya yi, jiran ma sabo za a fara. Na kwana biyu ina juya abin har kaina yana ciwo. Kar ka tura komai. Kar ka warware, kar kuma ka ƙara wata gaisuwar tukuna. Ban yi fushi da kai ba, ko kuma na yi amma ban da ƙarfin riƙe shi.

Wani abu kuma. Inna ta fara cewa tunda Baƙo yana da waya, me ya sa ba zai kira ba.

Lubabatu

*

Agadas

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, in har gaisuwata tana da sauran daraja a wurinki. Lafiyar jiki muna da ita. Na karanta takardarki a tsaye a tasha, na rasa inda zan sa kaina. Ni da na cika miki shafi da wa'azin cewa abin da rediyo ta faɗa ta faɗa wa gari duka, ni ne na sa sunanki a ciki da hannuna. Ki yafe mini in kin iya. Amma ba wannan ne ya sa nake sauri ba, wani abu ya faru kuma ban sani ba ko kin sani.

Layin nan ban cire shi daga waya ba. Ranar Talata ina cikin gyaran takardun yara sai ga kira daga lambar Benin. Na zaci ke ce kika ari waya. Kafin in yi sallama sai na ji, "Baƙo?" Muryar Inna ce. Ashe ta aika wurin Arzika ya ba ta lambar, maƙwabciyarku ta buga mata, da alama kina rumfa.

Ban yi magana ba, ban kuma iya kashewa ba. Ta ce, "Baƙo, ni ce. Ko layin ne ba kyau? To ka saurara, ni ina jin numfashinka." Ta ba ni labarin gida. Ta ce rufin ɗakinta yana yoyo, ta ce rediyon ta fara tsatsa saboda iskar teku amma tana goge ta da man gyaɗa. Ta ce, "Yarinyar nan ta wahala a kaina, in ka zo ka riƙe ta da kyau." Har kuɗin wayar ya ƙare ina riƙe da baki da hannu.

Washegari ta sake kira. Na rantse ba zan ɗauka ba, na ɗauka. Wannan karon ba ta ba da labari ba, tambaya take yi tana jira. Ka ci abinci? Ciwon ƙirjin nan yana tashi? Sai ta yi shiru, ni ma shiru, jakin maƙwabcina yana ta kuka a waje.

Jiya ta kira na uku. Muryarta a daidai take, ba rawa. Ta ce, "Bawan Allah, ko kai wane ne, ina yini. Ɗana tun yana goye bai iya jin muryata ya yi shiru ba. Ko a bakin kura yake sai ya amsa." Ta ce, "Ba zan tambaye ka wa ya sa ka ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta ce a faɗa mini in ci abinci. Amma ita ba za ta ce a ce ta jira ba, wannan kai ka ƙara. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ta kashe.

Luba, ta sani. Na so in kira ki, na tuna katakon da ke tsakaninku. Na roƙi wani mai zuwa Gaya yau ya miƙa wannan hannu da hannu. Ki sa mata ido, kar ki bar ta ita kaɗai. Rubutun nan nawa na rediyo na tura shi ƙarƙashin gado, ba na son ganinsa.

Sirajuddeen

*

Zango

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Muna gaida ku duka. Takardarka ta zo bayan komai ya wuce, amma ta warware mini abin da ban gane ba, don Inna ba ta gaya mini yadda kuka yi a waya ba, har yau.

Abin da na gani shi ne, ranar Alhamis ta tambaye ni, kamar hira, wai ina ƙanwar Rachidi ta daina zuwa. Na ce ban sani ba. Ta ce to. Ranar Juma'a ta yi wanka, ta sa farin mayafinta na Makka, ta ce in tsayar mata da zem. Inna da ba ta hau babur ba tun rasuwar mijinta! Na ce ina za ki, ta ce unguwa. Na ce in raka ki, ta ce a'a, ki zauna ki riƙe mini wannan. Ta ɗora mini rediyon a cinya, ta ce kar ki kashe.

Aka sauko masallaci, Arzika ya buɗe shiri, ya ce yau yana da baƙuwa. Sai na ji tarinta. Na san tarin nan ta bayan katako shekara nawa.

Ta yi sallama ta gaida Zango. Ta ce, "Ni ce Sahadatou, uwar Nourou." Yaya, ta faɗi sunan. Tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa ji a bakinta, ta faɗa a gaban gari duka, har sau uku kafin ta gama. Ta ce saƙon da aka karanta kwanaki ba daga ɗanta ya fito ba, ta kira lambar da kanta ta tabbatar, wani mai tausayi ne ya so tsohuwa ta ci abinci, kuma ta yafe masa, kar wanda ya bincika. Ta ce, "Nourou ya shiga teku bai fito ba. Ni uwarsa na sallama shi ga Allah. Ina roƙon Liman da dattawa su sallami yarinyar mutane. Gobe da safe za a yi addu'a a ƙofar gidanmu." Arzika ya kasa ci gaba, sai suka sa karatu.

Da ta dawo ta karɓi rediyon daga cinyata, ta murɗa maɓallin da kanta, ta ciro pil ɗin ta ba ni ta ce in sa a tocila. Ban taɓa sanin gidanmu yana da shiru haka ba, har ɗigar ruwan rufinta ake ji a cikin bokiti. Na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ce in tashi, ba ta son ji.

An yi addu'a, dattawa sun zauna, na shiga takaba. Rachidi ya zo gaisuwa ya tsaya daga waje, ya yi ta'aziyya ya tafi. Rediyon tana cikin kwalin da Dramane zai kai bakin kogi a miƙo maka. Inna ce ta ce a kai wa jikan Goggo mai tambayar rediyo, ban san ko ta gane ba ne ko tunawa kawai ta yi. Ka ciro rubutunka daga ƙarƙashin gado, kar wahalarmu ta tafi a banza.

Na san abin da kake jira ka ji. Tana ci. Tunda ba na fita, ita ke hura wuta, ta hana matan unguwa taɓa tukunya. Tuwonta duk gudaji, hannun ba ƙarfi. Takan zubo a kwano ɗaya ta zauna gabana ta ce, "Ki ci in ci." In na kai loma ta kai, in na tsaya ta tsaya. Har na fi ƙarfin cikina nake ci.

Jiya na yi ƙarfin hali na ce, Inna, kin ga jiki yana dawowa. Ta ce, "Mai takaba ba a barinta ba mai dafa mata. Na ɗaukar miki alkawarin kwanakin nan, sai na ga kin fita kin yi wanka kin sa lalle." Na ce bayan nan fa? Ta ɗauki kwanon ta tafi wankewa.

Ka taya ni addu'a, Yaya, ban ma san wadda zan ce ka yi ba. Shekara biyar ina roƙon Allah ya kawo ƙarshen jira. Yanzu duk yammar da aka ce an ga wata, sai in ji gabana ya faɗi.

Ƙanwarka,
Lubabatu